Man Mastad a Kan Bombol

"...kai ma ka daɗe, ka ga jikokinka, su raina ka yadda ka raina ni. Tashi haka nan, angona, sakar min ƙafa. Tun safe raina fes yake, sai da ka sunkuya na hango wannan ƙeyar."

"Dida, ko gaisuwar ban gama ba fa."

"Ai ƙeyarka ta gama maka."

Pulak ya ɗauke hannu daga ƙafafun tsohuwar, ya shafa a goshinsa, ya miƙe yana dariya. Shi ne mijin Kakoli, jikarta. Uwar Kakoli in ta gan shi sai ta ja bakin zanenta na sari ta rufe kai, ta tambaye shi ko a ƙara masa sukari. Ita kuwa kakar, Nanibala, wadda yake kira Dida, wato kaka, tun daren biki ta murɗe masa kunne a gaban mata, ta ce ita ce amaryar gaskiya, waccan rakiya ta yi. Daga ranar ba su sake yi wa juna maganar mutunci ba.

Safiyar Lahadi ce cikin sanyin Kolkata, lokacin da kowace tsohuwa a unguwar Bagbazar take bin rana daga wannan kusurwar baranda zuwa waccan kamar kyanwa. Pulak ajiyarsa ya zo ɗauka. Lahadin da ta wuce ya sayo ɗan kwikwiyo a kasuwar dabbobi ta bakin ruwa, irin masu kunnuwa har ƙasa da ake kira koka, don ya ba Kakoli ranar zagayowar haihuwarta, wato yau. Ya rasa inda zai ɓoye shi, sai ya kawo shi nan. Ranar Nanibala ta rantse da duk allolin da ke zaune a ɗakin ibadarta cewa kare ba zai kwana mata a gida ba. Ya kwana. Washegari ma ya kwana. Zuwa tsakiyar mako ita ce mai tashi ta duba ko yana numfashi.

Yau kuwa ta tashi da niyya guda: karen nan ba zai sauka matakalar gidanta ba. Yadda za ta hana shi sauka ba tare da ta buɗe baki ta ce tana so ba, a gaban wannan ɗan neman da zai shekara yana yi mata waƙa da maganar, shi ne ba ta gama ƙullawa ba.

"Ina ajiyata?" in ji Pulak.

"Wace ajiya? Zinariya ka ba ni?"

"Karena, Dida."

"Au, Bombol. Yana shan hantsi."

"Wane ne kuma Bombol? Badsha na sa masa. Sarki guda."

"Sarkin da ya yi min fitsari a takalmi? A gidanku a naɗa shi. Nan Bombol ne, kuma yana amsawa."

Pulak ya leƙa baranda. Sai ya tsaya cak, kwandon da ya zo da shi yana lilo a hannunsa.

Ga ɗan kwikwiyon nan kwance a kan tsohon sari cikin rana, yana ƙyalli kamar kifin da aka tsamo daga kasko. An ɗiga masa kwalli a gefen goshi saboda bakin mutane. An ɗora kansa a kan wani ɗan jan matashi, ya lumshe ido, ya baje ciki, duniya ta yi masa daɗi. Kan ne dai ba shi ba. Wanda Pulak ya kawo makon jiya kansa mulmulalle ne kamar kwakwa. Wannan kuwa dogo ne, siriri, tun daga hanci har ƙeya hanya ɗaya ce santal.

"Dida! Ina kansa?"

"Ga shi nan a wuyansa, inda ka bar shi."

"Wannan ba kansa ba ne! Kin canja min kare!"

"Ƙwarai. Da gwiwoyin nan nawa na sauka, na zaga unguwa ina cigiyar wanda ya fi naka muni."

"Dubi nan." Ya zaro waya, ya kara mata a fuska. "Dubi ranar da na saya. Dubi goshi! Dubi yadda ya tashi!"

"Janye min wannan madubin daga hanci. Na gan shi ranar, ban makance ba."

"Kin san wahalar da na sha? Iri biyu ne fa, Dida. Akwai ɗan Ingila, mai dogon kai da dogon baki. Akwai ɗan Amurka, mai kai kamar ƙwallo da ɗan gajeren baki. Kakoli ɗan Amurka take so. Tun damina take tura min hotonsa, ina ofis hoto, ina banɗaki hoto. Na zaga kasuwar nan tun daga masu tattabaru har masu kifin kwalba kafin na samu mai kai irin wanda take so."

"Ɗan Amurka! Wanda aka haifa a bayan kwata. Ka tambaye shi ko ya taɓa hawa jirgi."

"Me kika yi masa?"

"Abin da ake yi wa kowane jariri da ya shigo gidan nan cikin sanyi. Mai, rana, matashi."

Pulak ya durƙusa ya sansana. Ya yi baya da sauri, idonsa ya kawo ruwa, ya saki atishawa. Bombol ya buɗe ido ɗaya, shi ma ya saki tasa, ya koma barci.

"Man mastad! Dida, soya shi za ki yi?"

"Da soya shi zan yi da na sa kurkum da gishiri tukuna. Kai da ba ka taɓa shiga kicin ba."

"Wanda ya sayar min da shi ya ja min kunne! Ya ce kar ruwa ya taɓa kan nan sai ya yi wata a hannuna!"

"Ruwa ya ce. Ka ji na ce ruwa?"

"Kin danne masa kai ne! Da waɗannan manyan yatsun naki na murza kwaɓin gurasa! Ƙashinsa bai yi ƙwari ba, kin bi kin lallatse shi!"

"Kai, rufe min baki. Yatsun nan sun riƙe kawunan da suka fi naka daraja." Nanibala ta tura ganyen pan da take taunawa kamar goro gefen kumatu, ta gyara zama a kan tabarma. "Bari ka ji. Washegarin da ka kawo shi na sa hannu a kansa, na ji gashi a sandare kamar kwalar ɗan sanda. Na ce wannan wace irin uwa ce ta haifi ɗa da sitati? Na ɗumama mai da tafarnuwa, na zuba, na murza. Sai na ji abu ya yi fus, ya kwanta, kamar gurasar luchi da aka soka wa yatsa. Na leƙa ƙasa ina neman sauran kan, na ɗaga tabarma, babu."

"Ƙarya ne."

"Kawo hannunka."

"Ba zan..."

"Kawo hannun, ba cizo yake ba, ni ce mai cizo."

Ta kamo hannunsa ta ɗora a kan ɗan kwikwiyon, ta bi da yatsunsa tun daga tsakanin idanu har bayan kunne. Ƙashi ne lafiyayye, babu lotsawa ko ɗaya, dogo dai kamar yadda aka halitta shi. A gefe da gefe gashin gajere ne, an bi shi da almakashi an kwashe. A tsakiya kuwa an bar shi da tsawo, ga shi nan ya kwanta sharkaf da mai, har yana sauka kan ido.

Pulak ya sake shafawa. Ya ɗaga gashin tsakiyar da yatsu biyu ya tsayar da shi, nan take ɗan Amurka ya dawo. Ya saki, ɗan Ingila ya fito.

"Aski ne," ya ce da ƙaramar murya. "Ya aske gefen, ya bar tsakiya, ya busa masa iska ya tayar."

"Sake yi in gani. Amurka. Ingila. Amurka. Kai, yaron nan ya fi ka yawon duniya."

"Dida, ba abin dariya ba ne."

"Ka sayi tukku, an ba ka kare kyauta. Ina abin kuka?"

Ya miƙe, ya duba rana, ya buɗe kwando. "Kasuwa ba ta watse ba tukuna. Yanzu zan mayar masa da kayansa, ya ba ni mai kan gaske ko mu tara jama'a."

Nanibala ta dubi kwandon. Ta san kasuwar nan, ta san kejin wayar da ake jibgawa wani kan wani, na sama yana yi wa na ƙasa abin da ya ga dama. Ta dubi Bombol, wanda ko sau ɗaya bai taɓa cin shinkafa ba sai an murmusa masa kifi a ciki an cire ƙaya. Amma fuskarta ko gezau.

"Mayar da shi mana," ta ce. "Ka shiga kasuwa da kare yana ɗigar mai, ka ce wa mutumin kakar matata ce ta shafe shi. Har masu zomaye sai sun bar rumfa sun zo kallonka."

"Su zo."

"Ko kuma ka yi abin da mai hankali zai yi, ka bar min shi in mulmula maka kan."

"Ki me?"

"Matashin nan da kake gani, ka ɗauka na ado ne? Ƙwayar mastad ce a ciki, wankakkiya, busasshiya, uwar mijina ta ɗinka shi. Kai ya kwanta, ƙwaya ta matsa, ta rungume shi ta ko'ina. Duk wani kai da ya fito daga gidan nan a kansa ya kwanta. Je ka duba kawunan surukanka, kamar a injin aka zuba su. Matarka da kake taƙama da ita, da wane kai ta zo duniya?"

Pulak ya ajiye kwandon a hankali. "Kakoli?"

"Gwanda. Doguwar gwanda. Ungozoma ta miƙo min ita tana kawar da fuska. Ubanta ya leƙa sau ɗaya ya fita shan taba. Ni na zauna da ita, mai da safe, rana, matashi, juya ta dama, juya ta hagu. Hancin ma ni na ja shi, da babu."

"Gwanda!" Ya dafe ciki. "Wayyo, Dida, kin ba ni abin da zan ci har tsufa!"

"Ka faɗa mata in tsine maka."

"Yau zan faɗa. A kan kek zan sa a rubuta."

"To ka ga aikina dai. Ba ni shi zuwa ƙarshen sanyi."

"A'a, a'a." Ya share hawaye ya sake ɗaukar kwandon. "Jariri daban, kare daban. Wannan uwarsa dogon kai, ubansa dogon kai, kakansa na Ingila dogon kai. Ko a turmi kika kwantar da shi haka zai tashi. An cuce ni, kuma ba zan kai wa matata kayan cuta ba."

"Kayan cuta." Nanibala ta tofar da jan yawun pan a ɗan kwanonta, ta goge baki da bakin sari. Idonta ya yi wani ƙyalli da duk wanda ya san ta yake gudu. "Zauna, angona. Tunda maganar kayan cuta ta taso, zauna mu yi ta."

"Rana tana yi."

"Ranar da ka zo ganin Kakoli, da wane kai ka zo?"

"Da nawa."

"Da na mai aski ka zo. Gashi ya tashi gaba, ya tashi baya, ana jin ƙamshinsa tun daga bakin lungu. Ka shigo ka nemi kujerar da ke jikin bango ka manne. Aka ce ka matso kusa da fanka, ka ce a'a nan ma ya isa. Da za ka tafi, da baya da baya ka fita, hannu a haɗe, har ka yi karo da ƙofa. Muka ce kai, wannan yaro da ladabi yake, ko baya ba ya juya wa manya."

"Ladabin ne!"

"Sai safiyar biki, da aka shafe ka da kurkum a gidanku aka kwara maka ruwa. Wanzamin da ya kawo mana ragowar kurkum ɗin amarya ya ajiye kwano, ya ja ni gefe. Ya ce, Mama, akwai magana. Na ce mene ne, angon ya gudu? Ya ce da ma gudun ya yi. Mama, angon nan ba shi da baya."

"Wanzamin nan maƙaryaci ne, duk unguwa an sani!"

"Ya ce daga maɗiga sai wuya, kamar an sare da wuƙa. Ya ce in aka kwantar da shi rubda ciki za a iya niƙa yaji a kai."

"Kan masu ilimi ke nan! Ƙwaƙwalwar duk gaba ta taru!"

"Uwarka a kan dutsen niƙa ta kwantar da kai, ba ta san matashi ba. Na tsaya a tsakar gidan nan, ga masu busa sun zo, ga kifi an yanka, ga yarinya an yi mata ado. Na ce to, Nanibala, an sayar miki da tukku. Me na yi? Na sa ka a kwando? Na ce a mayar da shi gidansu a Shibpur a ba mu mai kan gaske ko mu tara jama'a?"

Hannun Pulak ya tafi ƙeya da kansa, ya shafa, ya sauke da sauri da ya ga tana kallo.

"Na karɓe ka," in ji ta. "Na ba ka kan kifi mafi girma. Na ce wataƙila yana da wani amfanin da ba a gani daga baya. Har yau dai ina jira."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda take sa mutum ya nemi bango. Ya zame ya zauna a ƙasa kusa da Bombol, wanda ya farka ya hau cinyarsa ya buga masa tambarin mai a farar rigarsa ta fita kunya.

"Shi ke nan, Dida, kin ci. Ba zan mayar da shi ba." Ya ɗaga ɗan kwikwiyon sama suna kallon juna. "Ni da kai duk kayan cuta ne, ɗan'uwa. Wadda ta karɓe ni da ƙeyata za ta karɓe ka da naka. Taho mu tafi gida."

Ya sa shi a kwando.

Sai a lokacin Nanibala ta ga abin da ta yi wa kanta. Ta zage ta yi shari'a, ta ci, ashe wa wani ta ci wa. Ta rufe ƙofar kasuwa da hannunta, ta buɗe ta gidan Kakoli.

"Tsaya," ta ce. "Wannan za ka kai wa jikata?"

"Shi mana."

"Da wannan kan? Dube shi fa! Kamar kokwamba da kunnuwa!"

"Yanzun nan kika ce..."

"Yanzu na ƙara dubawa. Yarinya ta ce ƙwallo, ka kai mata muciya? Ranar haihuwarta? Kai wane irin miji ne?"

"Irin wanda kika karɓa."

"Kuma ina za ku ajiye shi? A wannan akurkin naku na saman bene, da rana ba ta shiga sai ta nemi izini? Kai ofis, ita ofis. Wa zai shafa masa mai?"

"Ba wanda zai shafa masa mai, Dida. Kare ne."

"Wa zai taje kunnuwan? Ka san in aka kwana biyu ba a taje su ba dunƙulewa suke kamar gashin masu zuhudun nan da ke zaman dutse? Sai an bi da yatsa tukuna, sannan babban mataji, sannan ƙarami. Ka san in zai ci abinci sai an tattara kunnuwan an ɗaure su a saman kai, in ba haka ba su riga shi shiga kwano?"

"Da me kike ɗaurewa?"

"Da abin ɗaurewa."

Pulak ya bi inda idonta ya guje wa. Ga wani jan kirtani na siliki rataye a ƙusa, kusa da matajin ƙahonta, wanda ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa. Matajin cike yake da gashi ruwan zuma. Nanibala kuwa kanta fari ne fat.

Murmushi ya fara yaɗuwa a fuskarsa, a hankali, irin na wanda ya tsinci abin da ya fi ƙarfin aljihunsa.

"Dida."

"Mene ne?"

"Kina son karen nan."

"Ni? Kare? Ni da in inuwar kare ta taɓa ni sai na sake wanka?"

"Ga gashinsa a matajinki."

"Aro ya yi."

"Ga shi a bargonki ma, ina hangowa daga nan."

"Sanyi ake yi. Kwalbar ruwan zafina ta fashe, da shi nake ɗumama ƙafa. Amfani ne, ba so ba. Kai ma ai ana amfani da kai."

"Kin yi min kishiya da kare, amaryata?"

"Shi aƙalla in na kira shi yana zuwa."

"To ki ce kina so mana. Kalma ɗaya."

"In ce me? Kwashe kayanka ka ba ni wuri. Gidana ya huta da wari."

"To madalla." Ya rataya kwandon a hannu, ya sunkuya ya taɓa ƙafarta, ya kuma tabbatar ta ga ƙeyar da kyau. "Sai na dawo, Dida."

"Durga, Durga," ta ce, ta ambaci sunan abar bautarta kamar yadda ake yi wa mai tafiya.

Ta ji takunsa a matakala. Ta ji Bombol ya yi ɗan kuka daga cikin kwando, siriri, irin wanda yake yi in ta shiga wanka ta rufe ƙofa. Nanibala ta kama ƙarfen baranda. A duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa kiran mai tafiya ta baya ba. Ko mijinta ya manta laima sai dai ruwa ya dake shi, don kowa ya san kiran baya yana ɓata hanya, kuma wanda aka kira dole ya dawo ya zauna, ya kurɓi ruwa, kafin ya sake fita. Ta taɓa marin ɗanta a kan haka.

"Pulak!"

Takun ya tsaya. Sai ga shi yana hawowa, ido waje.

"Dida! Ke? Kiran baya?"

"Bakina ne ya kuɓuce. Zauna."

Ya zauna a bakin gado. Ta miƙa masa ruwa a kofin tagulla, ya kurɓa, ya miƙe, ya ɗauki kwando.

"Sai na dawo."

"Durga, Durga."

Bai kai tsakiyar matakala ba.

"Pulak!"

Ya dawo. Ya zauna. Ya kurɓa. Wannan karon kafaɗunsa rawa suke don dariya, ruwan har yana fita ta hanci.

"Me na manta?"

"Ba komai. Tsufa ne. Je ka."

Ya fita, ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya tsaya yana jira.

"Pulak!"

"Dida, haka za mu yini?" Ya faɗo ɗakin yana riƙe da ciki. "Marata ta cika!"

"Randa guda gare ni, kuma famfo yana kawowa da yamma."

"Kakoli tana jira!"

"Ta jira. Ni ma na jira ta wata tara da kwana goma."

"Ki faɗa kawai! Ki ce Pulak, mijina, mai kyakkyawar ƙeya, ina son karen nan!"

Nanibala ta ajiye kofin. Ta dube shi, ta dubi kwandon, inda wani dogon hanci mai maiƙo ya leƙo ta ƙarƙashin murfi yana neman ta. Da ta yi magana, ba da muryar wasa ta yi ba.

"Ka taɓa hawowa matakalar nan da furanni a wuya, ka sauka da wadda na shafa wa mai da hannuna tun tana tsumma. Ban kira ka ta baya ba. Na tsaya a nan na ce Durga, Durga, har motarku ta sha kwana. Tun ranar kwanon man nan yake kife, sai da wannan ya zo." Ta miƙa hannu biyu. "Ba za a yi biyu ba. Ba ni shi."

Pulak ya daina dariya. Ya buɗe kwandon. Bai ma kai ga ɗaukowa ba Bombol ya yi tsalle ya faɗa cinyarta, ya cusa dogon kansa a hammatarta kamar wanda ya dawo daga Ingilar da gaske.

"Ɓarauniya," in ji Pulak a hankali. "Tsohuwar ɓarauniya. Da rana tsaka."

"Ɓarawo ya zo gidan da ya yi sata yana kiran mai gida ɓarawo."

"To ni yanzu me zan kai wa matata? Tabon mai a riga?"

"Ka kai mata tasi. Ka ɗauko ta ku zo nan, akwai kifi, akwai alewar madara. Ka ce ka saya mata kare ɗan Amurka, yana wurin raino. Nata ne, ban hana ba. Duk Lahadi ta zo ta gan shi, kai ma in ka ga dama ka rako ta, za a samo maka kujera a jikin bango."

"In ta ga kan fa?"

"Ka bar ni da ita. In ta ɗaga murya in kira ta gwanda."

Ya fashe da dariya har ya kwanta a gadon, ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama! Riƙe shi. Ga kwandon ma na ba ki, ki zuba albasa." Ya tashi zaune yana share ido. "Amma faɗa min, uwar raino, yaushe za a yaye shi a ba mu kayanmu?"

"Ranar da kansa ya mulmulu."

"Dida, ɗazun nan ni da ke muka taɓa ƙashin nan. Ko shekara ɗari ya yi a kan matashin uwar mijinki, kan nan ba zai mulmulu ba."

Nanibala ta ɗauki Bombol ta mayar da shi cikin rana, ta kwantar da kansa a kan jan matashin, ta baza kunnuwan dama da hagu. Ta ɗumama tafin hannunta da numfashi, ta jawo kwanon mai kusa.

"Kai ka ce," in ji ta. "Ni dai ba sauri nake ba."